Zauren Matafiya: Ranar da Sama da Ƙasa Suka Zama Fari Ɗaya

Tun da hunturu ya kama a ƙasashen arewacin duniya, wasiƙun da ke iso mini nan Grenoble ta ƙasar Faransa sun koma kan dutse da dusar ƙanƙara. Yaranmu da ke karatu a waje sun fara shiga wasan zamiya a kan dusar, iyayensu kuma a gida hankali ya ƙi kwanciya. Na zaɓo guda biyar da suka taru kan abu ɗaya, wato farin hazon nan da ke saukowa kan dutse ya shafe komai.

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a Erzurum ta ƙasar Turkiyya. Abokaina sun koya mini zamiya da allo, wato katako ɗaya mai faɗi da ake ɗaure ƙafa biyu a kansa, a dutsen Palandöken, har na fara iyawa. Makon jiya muna can sama sai gajimare ya sauko, ko'ina ya yi fari fat. Na tsaya cak amma ina jin kamar baya nake tafiya, na faɗi daga tsaye, zuciyata ta tashi har na yi amai. Da ƙyar na sauko. Wani ya ce hawan jini ne, mahaifiyata kuma ta ce shafar aljanu ce, kada in sake zuwa. Me ya same ni, kuma in ya sake faruwa yaya zan yi? *Ɗalibi, Erzurum*

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, sannu da jiki. Abin da ka kwatanta sananne ne, kuma yana kama gwani kamar yadda yake kama sabon shiga. In kana tantama kan jininka, je asibitin jami'a a auna maka. Amma labarinka bai yi kama da na hawan jini ba.

Mutum ba ya gane tudu da kwari sai da inuwa. Ranar da gari ya yi garau, hasken rana daga gefe guda yake zuwa, kowane ɗan tudu yana da inuwarsa, ido yana karanta ƙasa ba ka ma sani ba. Idan gajimare mai kauri ya rufe, haske yakan watse a cikinsa, ya sauka kan dusar ƙanƙara, ita ta mayar da mafi yawansa sama, gajimaren ya sake maido shi. Sai haske ya riƙa zuwa ta ko'ina daidai wa daida, inuwa ta mutu. In hazo ya ƙaru, ko iska ta fara kwasar dusa, iyakar da ta raba sama da ƙasa ita ma ta ɓace. Wanda ya taɓa bin hanyar Maradi zuwa Damagaram ranar da hazon hunturu ya yi kauri zai ce ai ya san wannan. To a can, ko ba ka hangen nesa, kana ganin baƙin kwalta a ƙarƙashinka. A nan ƙarƙashin ma fari ne.

Tsayuwar mutum kan ƙafafunsa kuwa aikin shaidu uku ne: ido, da cikin kunne, da tafin ƙafa tare da gaɓoɓi. A ranar da kake magana, ido ba shi da abin kamawa, sai dusar da iska ke ja tana wucewa ta gabanka, shi kuwa ya ɗauka kai ne ke komawa baya. Ƙafa tana ɗaure cikin takalmi a kan allo, ba ta jin ƙasa sosai. Kunne shi kaɗai ke cewa a tsaye kake. Da shaidun suka saɓa, ƙwaƙwalwa ta rikice, sai jiri da tashin zuciya, irin wanda ke kama wasu a cikin mota. Wani likitan kunne a birnin Bern na Suwizalan, Rudolf Häusler, ya rubuta bayanin wannan ciwo a 1995, ya kuma lura ya fi damun masu ɗan raunin gani da waɗanda dama mota ke juya musu ciki. In kana cikinsu, je a duba idonka, ka kuma tambayi likita ko maganin amai na matafiya zai dace da kai. Ka dai sani wasu irinsa suna sa barci, barci kuma ba abokin gangara ba ne.

Kada ka ji kunya. Dutsen da nake zuwa ran Asabar, Chamrousse, shi ne ya karɓi gasar zamiya a wasannin Olamfik na hunturu na 1968. An yi tseren ƙarshe na maza cikin hazo mai kauri, har gwanin Ostiriya Karl Schranz ya tsaya a tsakiyar gudu ya ce wani mutum mai baƙaƙen kaya ya gifta masa. Aka ba shi dama ya sake, ya fi kowa sauri, daga baya alƙalai suka ce ai tun kafin nan ya tsallake ɗaya daga ƙofofin sanduna da dole ɗan tsere ya ratsa, suka soke shi, Jean-Claude Killy na Faransa ya kwashe zinare na uku. Har yau tsofaffin nan garin da na Ostiriya ba su daidaita kan abin da ya faru cikin hazon ba.

Yanzu abin yi. Da ka ji ƙasa ta fara yi maka gardama, ka ja gefen hanya ka zauna, ka dafa dusa da hannu. Taɓawar nan kaɗai tana dawo wa jiki da hankalinsa. Na ce gefe, don zama a tsakiyar hanya ko a bayan ɗan tudu neman karo ne, mai saukowa ba zai gan ka ba sai ya hau kanka. Wannan yana cikin ƙa'idoji goma da hukumar zamiya ta duniya, FIS, ta kafa, kuma ku masu allo kun fi kowa karya ta. Sannan ka nemi wani abu mai duhu ka kafa masa ido: dutse da ya fito, shinge, raga, rigar abokinka.

Babban abokinka shi ne sandunan da aka kakkafa a gefen hanya. A Faransa suna ɗauke da launin hanyar, kore ko shuɗi ko ja ko baƙi, wato daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya, kuma na hannun dama in kana gangarowa suna da ruwan lemo a kansu. In ka ga sanda mai kan lemo, ka bar ta a damarka, kana cikin hanya ke nan. In ta koma hagunka, ka fita, ka dawo. Akwai kuma alluna masu lamba da ke raguwa har zuwa 1 a ƙasa, su ake faɗa wa masu ceto. Kowace ƙasa da tsarinta, don haka ranar da gari ya yi haske ka tsaya ka karanci na Palandöken, ka tambayi ma'aikatan wurin. Ba a koyon wannan cikin hazo.

Sauka kuwa sanda bayan sanda ake yi. Kada ka bar wadda kake kusa da ita sai ka hango ta gaba. In ba ka hango ba, ɗayanku ya tsaya a jikinta yana magana, ɗayan ya matsa kaɗan ya duba, ba tare da ya wuce inda ake ganinsa ba. Mai zamiya da katako biyu yana da sanduna a hannu, zai iya jan su a ƙasa ya ji yadda gangarar take. Kai ba ka da su. Don haka ka juya allon a gicciye, ka danna bakinsa na ɓangaren tudu, ka riƙa sulalowa a hankali, gwiwa a lanƙwashe, don ramin da ba ka gani ba ya same ka a shirye. In ka rasa ina ne ƙasa ina ne sama, dunƙula dusa ka jefa gabanka. Inda ta gangara can ne ƙasa. In ta ɓace ba ka ga saukarta ba, kada ka ƙara taku ko ɗaya ta wannan wajen.

A tsaunukan Alps mukan gudu zuwa hanyoyin da ke ratsa daji, don bishiyoyi suna dawo da inuwa su kuma tare iska. Saman Palandöken ya haura mita 3,000, kuma dutse ne mai ƙarancin bishiya, wannan dabara ba za ta yi maka aiki sosai ba. Kada kuma ka ce za ka bi ƙarƙashin igiyar da ke ɗaukar mutane. Ita a miƙe take tafiya, tana tsallake kwazazzabo da kai ba za ka iya tsallakewa ba. Haka sawun wani, ba ka san ko mai shi ya san hanya ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wanda samari ba sa son ji. In ka iso sama ka tarar gari ya rufe, kada ka ɗaura allon. Koma cikin motar igiya ka sauka da ita, ko ka shiga ɗakin shan shayi ka jira. Na san zancen: an riga an biya kuɗin tikiti, abokai suna kallo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma ka yanke shawarar da wuri, don in iska ta yi ƙarfi ana tsayar da igiyar, zaɓin ya kuɓuce maka. A Turkiyya lambar gaggawa 112 ce, kuma jandarmomi suna da rundunar ceto a manyan wuraren zamiya.

Ita kuma Hajiya, ka riƙe addu'o'in da ta koya maka na fita daga gida, ka yi mata wannan bayani a tsanake, ka yi mata alkawarin ba za ka hau ba ranar da aka ce gari zai rufe. Sannan ka cika alkawarin.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Maigidana ya saya mini tabarau na zamiya mai tsada, baƙi wuluk mai sheƙi. Ranar da muka je aka yi hazo, ban ga komai da shi ba, ga shi yana ta yin gumi daga ciki. Sai na cire na wuni haka. Da dare idona ya yi ja yana hawaye kamar an zuba yashi. Wane iri ya kamata in saya? *Uwargida, Calgary, Kanada*

Amsa: Ƙanwata, maigida ya yi ƙoƙari, sai dai na ranar rana ya sayo. Gilasan nan suna da daraja daga 0 zuwa 4, gwargwadon hasken da suke bari ya wuce. Mai lamba 3 yana barin kashi 8 zuwa 18 cikin 100 ne kawai, mai lamba 4 bai kai haka ba. Na ranar hazo shi ne mai lamba 1, wanda ke barin kashi 43 zuwa 80, galibi rawaya ko ruwan hoda ko ruwan lemo. Duba kwalin naki, yawanci akan haɗo da gilashi na biyu da mutane ke mantawa a ciki. Amma kada mai kanti ya ruɗe ki. Gilashi yana fito da inuwar da ta rage ne, in babu ita gaba ɗaya ba wanda zai ƙirƙiro miki ita, komai tsadarsa.

Ciwon idon kuwa ƙuna ce. Akwai wani haske na rana da ido ba ya gani amma yana ƙona fata, yana ratsa gajimare mara kauri, yana ƙaruwa da kamar kashi 10 cikin 100 duk hawan mita 1,000, sabuwar dusa kuma tana iya maido har kashi 80 nasa zuwa fuska. Zafin ba ya tasowa sai bayan wasu awoyi, shi ya sa ya jira ki har dare. Yakan warke cikin kwana ɗaya zuwa biyu in an zauna a ɗaki mai duhu, ba a murza ido ba. In ya wuce haka, ko gani ya ragu, sai asibiti.

Gumin ciki kuma na san mai laifin: numfashinki ne. In kika cusa bakin mayafi ko hijabi ƙarƙashin tabarau don rufe hanci, duk hucin da kika fitar ciki yake hawa. Ki bar ƴar tazara. Kada ki ɗora shi a goshi ko kan hular kwano mai dusa, kada kuma ki goge cikinsa yana jiƙe, akwai wani shafi na hana gumi da ke gogewa. Ki sa hijabi ƙarami mai shiga da kansa a ƙarƙashin hular, ban da allura ko fil.

Abu ɗaya zan ƙara saboda inda kike. Na gaya wa ɗalibin can mukan nemi bishiyoyi in gari ya rufe, amma a yammacin Kanada dusa tana yin zurfi ƙwarai, kuma a gindin bishiya akan sami rami mai laushi da rassa suka ɓoye. Wanda ya faɗa ciki da ka yana iya shaƙewa kafin a gan shi. Ki bi hanyar da aka gyara wadda bishiyoyi ke gefenta, kada ki shiga tsakaninsu, kada kuma ki rabu da abokin tafiya.

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ƴata tana digiri na biyu a Lyon, ta ce za su tafi dutse mako guda da ƴan ajinsu wasan ƙanƙara. Ni kuwa ina jin labarin mutanen da ke ɓata a can, ko ƙanƙara ta rufta musu. Ban yi barci ba tun da ta faɗa. In hana ta? *Hajiya, Kano*

Amsa: Ranki ya daɗe Hajiya, Allah ya raya mana su. Hani ko izini naki ne, ni dai zan faɗa miki yadda wurin yake.

Dutse kashi biyu ne. Akwai hanyoyin da aka gyara, aka kafa musu sanduna, ma'aikata suna zagayawa, suna tayar da dusar da ke barazana da nakiya tun da asuba kafin a buɗe, suna rufe duk hanyar da ba su yarda da ita ba, da yamma kuma su bi su tabbatar ba a bar kowa ba. Sannan akwai sauran dutsen, inda ba mai gadin kowa. Zaftarewar dusa tana kashe mutane kusan 100 a shekara a faɗin tsaunukan Alps, kuma mafi yawansu a wannan kashi na biyu suke. Sabuwar shiga kamar ƴarki a can ƙasa za ta wuni, kan hanya mai launin kore, a bayan malami mai jajayen kaya. Abin da na fi ji mata tsoro shi ne murɗewar gwiwa, sai kuma abokan da za su ce mata ta biyo su sama tun ba ta iya tsayawa ba.

Ga abin da za ki sa ta yi miki alkawari. Ta shiga aji wurin malami, ba wurin ƙawa ba. Ta sayi inshorar da ake sayarwa tare da tikiti, ƴan yuro kaɗan ne a rana, domin a Faransa in ma'aikatan hanya suka ɗauko mutum biya ake yi, kuma ba kuɗi kaɗan ba. Ta adana lambar masu ceton wurin, tana jikin taswirar da ake bayarwa kyauta, tare da 112. Waya ta zauna a aljihun ciki kusa da jiki, don sanyi yana shanye batir farat ɗaya. Ta bar kayan auduga a gida, suna riƙe gumi su sanyaya mutum. Ni ba na hawa sai da dabino a aljihu, da shayi mai sukari a fulas, da usur ɗaure a zik ɗin riga.

In kuma Allah ya ƙaddara hazo ya rufe ta har ta daina ganin sanduna, to ta tsaya a nan. Wannan ne wurin da hankali ke yaudarar mutum, ya ce ai gangarawa kawai za a yi a isa gari. Gangarar tana iya kai wa bakin dutse, ko rafi da dusa ta rufe, ko wani kwari daban. A 2009 masu bincike na cibiyar Max Planck a Jamus sun saka mutane tafiya a wani daji na ƙasarsu da kuma Saharar Tunisiya suna bin sawunsu da na'ura. Muddin ana ganin rana ko wata, mutane suna miƙewa. Da suka ɓace sai a fara kewaya wuri ɗaya, mutum yana rantsuwa a miƙe yake tafiya. In ba ta yi nisa ba kuma tana ganin sawunta, ta bi shi ta koma sama zuwa sandar ƙarshe. In ba haka ba ta kira, ta faɗi sunan hanya da lambar allon da ta gani na ƙarshe, ta kafa katakan zamiyarta a gicciye a tsaye don a hango, ta haƙa ɗan rami ta fake daga iska, ta zauna kan jaka ba kan dusa ba. Alamar neman agaji a tsaunukan nan ita ce busa ko haske sau shida a minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a sake. Ta kuma sani jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi cikin irin wannan hazo, da ƙafa za a zo, sai haƙuri.

Iska ce ke kisa fiye da sanyin kansa. Digiri 10 ƙasa da sifili, in aka haɗa da iska mai gudun kilomita 40 a awa, a jiki kamar 20 ƙasa da sifili ne. Littattafan Turawa suna cewa a lura in fata ta yi fari ko ja, to a baƙar fata wannan alama ba ta fitowa da wuri. Binciken da aka yi a rundunonin sojan Amurka da Birtaniya ya nuna sanyi ya fi saurin lahanta yatsun baƙaƙen sojoji. Don haka ta dogara da ji: yatsa ko kunne ko hanci da ya daina zafi ya mutu mururus, ya yi tauri, shi ne abin tsoro. Kada a murza shi, kada a goga masa dusa, kada a kara shi a wuta. A cusa hannu a hammata a nufi ɗaki, a can a sa a ruwa mai ɗumi kamar na jiki.

Tambaya: Kawu, hutun zamiyarmu ya faɗo cikin azumi. Zan iya? *Ɗalibi, Bursa*

Amsa: Hukuncin azumin matafiyi na malamai ne, ka tambaye su. Ta fuskar jiki, a shekarun nan watan Ramadan yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, tsakiyar kakar zamiya. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa alhali iskar dutse busasshiya ce, tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi. Jikin da ba abinci a ciki yana saurin yin sanyi, jirin da na yi bayani a sama kuma ya fi samun wuri. In ka nace, ka yi da safe kusa da sahur, awa biyu ko uku, a hanyoyin ƙasa, ranar da gari ke garau. Uludağ da ke kanku ya shahara da hazo, ranar da ya sauko ka zauna ɗaki ka yi tilawa.

Tambaya: Malam, na daɗe ina zamiya a Ostiriya, baƙar hanya ba ta ba ni tsoro. Ni da abokai uku za mu fita daga hanyoyin da aka gyara mu tsallaka daga wannan bukka ta kwanan masu hawa dutse zuwa waccan. An ce gari zai rufe a ranakun, amma ina da taswira a waya da agogo mai nuna hanya ta tauraron ɗan'adam. Ai hazo ba matsala ba ne ga mai na'ura ko? *Injiniya, Innsbruck*

Amsa: Injiniya, kai da ka san na'ura ka fi ni sanin iyakarta. Tana gaya maka inda kake da kuskuren ƴan mitoci. A kan tsinin dutse, iska tana gina leɓen dusa da ke leƙawa kan sarari ba komai a ƙarƙashinsa, kuma tsakanin ƙasa mai ƙarfi da wannan leɓe taku biyu ne. Taswira ba ta san shi ba, don makon jiya babu shi. Ba ta san tsagar da ke cikin daskararriyar ƙanƙara ba. Ba ta kuma nuna maka abin da ke rataye a samanka. Zaftarewa ta fi tashi a gangara mai digiri 30 zuwa 45, kuma iskar nan da sabuwar dusa da suka rufe maka ido, su ne dai ke loda wa gangarar kaya. Ma'aunin haɗarin zaftarewa na Turai daga 1 zuwa 5 yake, amma kusan rabin mace-macen a mataki na 3 ake yin su, lokacin da mutane ke cewa ai tsaka-tsaki ne. Wanda dusa ta binne, in aka tono shi cikin minti 15 na farko galibi yana rayuwa, bayan rabin awa kuwa mafi yawa sun tafi. Ka gaya mini yadda abokanka za su ga inda ka nutse alhali ba sa ganin bakin katakonsu.

A 28 ga Nuwamba 1979 wani jirgin sama na yawon buɗe ido daga New Zealand ya daki dutsen Erebus a yankin Antatika, mutum 257 suka rasu. An sauya hanyar da aka ɗora wa kwamfutar jirgin ba da sanin matuƙa ba, farin dutse kuma ya saje da farin gajimare, suna kallonsa suna ganin fili. Kusa da kai kuma, a ƙarshen Afrilu 2018, guguwa ta rutsa da mutum 14 a yankin Pigne d'Arolla na Suwizalan, kan irin tafiyar da kuke shiryawa. Suka kwana a waje a tsayin da ya haura mita 3,000, bukkar Vignettes tana ƴan ɗaruruwan mitoci daga inda suke, ba su iya kai wa gare ta ba. Bakwai suka mutu, har da jagoran tafiyar. Ba sabbin shiga ba ne.

Iya baƙar hanya gwaninta ce ta ƙafa, wannan kuwa wani ilimi ne daban. Ban ga ka ambaci na'urar neman wanda aka binne ba, da shebur, da sandar caka dusa, ko cewa kun taɓa gwada aiki da su. In babu, ƙungiyar masu hawa dutse ta Ostiriya tana nan garinku, tana koyar da wannan duk hunturu. Ku shiga, ku ɗauki jagora mai lasisi a fitarku ta farko, ku riƙe taswirar takarda da kamfas ban da waya, ku karanta sanarwar zaftarewa ta jihar Tirol da ke fita kullum da yamma, ku tsayar da lokacin juyawa tun kuna ɗaki. Lambar ceton dutse a Ostiriya 140 ce.

Wannan tafiyar dai, tunda an riga an ce gari zai rufe, ku ɗage ta. Ku kira bukkokin yau ku sauya rana, da yawansu suna yarda in dalilin yanayi ne. In abokan suka ƙi, ka bar musu kuɗin gadon da ka biya, ka hau dutsen Nordkette ko na Patscherkofel da ke bayan gidanka.